Sai Dai A Yi Mata Fomatin: Tarihin Wata Al'ada Ta Masu Gyaran Kwamfuta A Dundaye

Ɗalibin da kwamfutarsa ta kwana tana sabunta babbar manhajarta, gari ya waye ta ƙi tashi, yakan rungume ta ya nufi shagon mai gyara a Dundaye ko a wata 'yar kasuwa ta cikin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da ke kan allon bai cika wuce ɗaya cikin uku ba: ko baƙi ƙirin, ko shuɗi da rubutun Turanci, ko ɗigo-ɗigo suna ta kewaya juna ba ranar tsayawa. Mai gyara zai ce, "Malam, mi yas same ta?" Kafin a gama ba shi labari ya danna maɓalli sau biyu ko uku, sannan ya yanke hukuncin da aka saba ji daga Sakkwato har Kano: "Sai dai a yi mata fomatin." Nufinsa a share duk abin da ke cikin ma'adanar kwamfutar, a zuba sabuwar Windows. Wannan hukunci yana da tarihi, kuma ya kamata a bi tarihin kafin a ɗora wa kowa laifi. A ganina fomatin magani ne da aka haɗa wa cutar wani zamani, kuma a zamanin nan nasa daidai ne. Cutar ta canza, mai kwamfutar ya canza, abin da ke cikinta ma ya canza, amma maganin yana nan yadda aka gaje shi, shi ya sa a yau yakan tayar da na'ura ya binne kundin digiri.

Dundaye gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Wamakko, kusa da fadamar Rima, kuma jami'a ce ta jawo masa sana'o'in biro da takarda. An kafa ta a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, ta fara karatu a 1977 da ɗalibai 93 ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci, sannan a 1988 aka sa mata sunan Shehu Usmanu. Da aka koma mazaunin dindindin, sai ɗalibi ya sami kansa nesa da kasuwannin gari, da gulbi a tsakani. Ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta yanke hanyar jami'ar bayan ruwan madatsar Goronyo ya sauko, ta nuna wa kowa yadda wannan nisa yake da gaske. Don haka duk abin da karatu ke bukata sai ya matso kusa da ƙofar makaranta. Farkon abin da ya matso shi ne tafireta. Ɗalibin shekarun 1980 yakan rubuta kundinsa da hannu a takardun fulsikaf, ya kai wa mai bugu, mai bugu ya sa takardar kabon ya fitar da kwafi biyu ko uku a bugu ɗaya. In tafireta ta lalace akwai mai gyaranta, ɗan'uwan mai gyaran agogo da mai gyaran rediyo, mutanen da suka koyi aiki da idonsu da kunnensu. Abin lura a nan shi ne na'urar ba ta riƙe komai. Ko da tafireta ta faɗa rijiya, rubutun yana cikin jakar mai shi.

Kwamfuta ta shigo wannan gurbi ne a hankali, daga ƙarshen shekarun 1990, kuma ta shigo a matsayin kayan shago. Wanda ke da tafireta ya sayi kwamfutar tebur da firinta da ƙaramin janareta, ya kira wurin bizines santa. A 2001 wayar salula ta zo Nijeriya, a shekarar ce kuma Microsoft ya fitar da Windows XP, manhajar da ta mallaki shagunan ƙasar nan fiye da shekara goma. Bayan su kafe-kafen intanet suka biyo, musamman da rajistar jarrabawa da ta makaranta ta fara komawa kan layi. A wannan zamani kwamfuta ɗaya takan ga hannun mutum ashirin ko talatin a yini, kowa da faifansa na filofi mai ɗaukar megabait 1.44, daga baya kowa da filash ɗinsa. Windows XP kuwa tana da ɗabi'ar buɗe duk abin da aka cusa mata ba tare da tambaya ba, kuma ta wannan ƙofa ƙwayoyin cuta suka yi ta yawo daga shago zuwa shago kamar mura a hunturu. Conficker, wadda ta ɓulla a 2008 ta kama miliyoyin kwamfutoci a duniya, filash na cikin hanyoyinta. Sai a 2011 Microsoft ya tura gyaran da ya rufe wannan ƙofa a kan XP. Manhajar kashe ƙwayoyin cuta tana bukatar sabuntawa kullum, intanet ɗin lokacin kuwa ta tauraron ɗan'adam ce mai tsada da jan ƙafa. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 sai a 2010 suka fara aiki a Legas. To, mai shagon da kwamfutarsa ta cika da cuta me zai yi? Ya sa faifan XP, ya share komai, cikin awa ɗaya ko biyu ya koma kasuwa. Ba wanda ya yi asara, domin ɗalibi yana da rubutun hannunsa, yana da filash ɗinsa, yana kuma da abin da aka riga aka buga masa a takarda. A wannan hali fomatin shi ne hankali, wanda ya tsaya binciken cuta ɗaya bayan ɗaya shi ne mai ɓata lokaci.

Daga nan al'adar ta shiga jinin sana'a, ta hanyar da sana'o'inmu suka saba gado. Yaron shago ba ya zuwa aji, kallon maigidansa yake yi, kuma aikin farko da ake sakar masa shi ne "sa Windows", domin shi ne aikin da ba ya bukatar a fahimci abin da ya lalace. Masu gyaran waya ma sun ƙarfafa wannan tunani da nasu filashin: wayar Nokia ta rikice, a share ta a zuba mata sabuwar manhaja, lambobin mutane kuwa suna cikin sim, ba abin da ya taɓa su. Da yawa daga masu gyaran kwamfuta na yau daga teburin waya suka taso. Sai dai adalci ne a faɗi cewa tsofaffin hannu na zamanin kafe sun san haɗarin abin, shi ya sa sukan raba ma'adana gida biyu, C da D, su ce wa mai kaya ya riƙa ajiye fayilolinsa a D, don in ranar shara ta zo a share C kaɗai. Wannan dabara ita ce ta fara ɓacewa, sharar ta zauna.

Su kansu na'urorin, tarihinsu yana cikin maganar. Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Landan, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad da ma'aikatun Turai da Amurka suka yi aiki da su shekara uku ko huɗu suka sallama. Sukan sauka a Legas, su bi ta Kwamfuta Bileji da ke Ikeja ko kasuwar Alaba, su hau mota zuwa Kano da Sakkwato. Nijeriya ta daɗe da sanin cewa ba duk abin da jirgin ruwa ya sauke ne alheri ba, tun gubar da aka jibge daga Italiya a garin Koko a 1988, shekara guda kafin Yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai guba. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke shiga Legas kowane wata, kuma masu sana'ar sun ce har kashi 75 cikin ɗari na iya zama tarkace. Wani binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga ciki ya ƙiyasta tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki a shekara a 2015 da 2016, fiye da kashi uku cikin huɗu daga ƙasashen Tarayyar Turai. Ban kawo wannan don in kushe kwamfutar hannu ba. Ba don ita ba, ɗan talaka ba zai taɓa mallakar kwamfuta ba, kuma tsohuwar ThinkPad mai lafiya ta fi sabuwar araha ƙarko. Abin da nake so a riƙe shi ne na'urar da ta iso Dundaye ta riga ta ci rabin rayuwarta: batirinta ya gaji, ma'adanarta ta yi dubban awoyi tana juyawa, kuma kamfanin da ya ƙera ta ya kusa daina kula da ita.

Sauyi na farko da ya rushe hujjar fomatin shi ne komawar kwamfuta daga shago zuwa jakar ɗalibi. Tun da JAMB ta fara jarrabawa a kan kwamfuta a 2013, ta kuma koma kanta gaba ɗaya a 2015, yaro yakan shigo jami'a da sanin allo, kuma rufe makarantu na 2020 ya ƙara tura malamai da ɗalibai ga na'ura. Ɗalibin yau ba ya rubuta kundinsa da biro. Kai tsaye yake bugawa, gyaran da malaminsa ya yi a fayil yake shigarwa, alƙaluman da ya tattaro a gona ko asibiti ko kasuwa suna cikin teburin lissafi na kwamfuta, littattafan da ya yi wata da watanni yana saukewa suna nan tare da hotunan bikin gidansu. Sau da yawa wannan ne kaɗai kwafin da ke duniya. Na'urar da a da take kamar tafireta ta koma taskar gida, amma hannun da ke gyaranta bai daina ɗaukarta kayan shago ba.

Sauyi na biyu ya fi wannan zurfi, domin cutar ce kanta ta canza. A ranar 29 ga Yuli 2015 Microsoft ya fitar da Windows 10, ya ba masu Windows 7 da 8.1 damar hawa kyauta na shekara guda, ya kuma matsa wa mutane lamba har wata 'yar kasuwa a Kalifoniya ta kai ƙara aka biya ta dala 10,000 a 2016. Daga nan sabuntawa ta daina zama abin da mutum ke zaɓa, ta koma abin da ke zuwa da kansa, wani lokaci ƙaramin faci, wani lokaci sauya manhajar kusan ɗungurungum. Don a gane abin da ke karyewa, sai a san yadda kwamfuta ke tashi. Da an danna maɓalli, wata 'yar manhaja da ke zaune a kan allon cikin na'urar, BIOS a tsofaffi ko UEFI a sababbi, ita ke fara farkawa, ta duba ram da allo da sauran gaɓoɓi. Sannan ta nemi mabuɗin tashi a cikin ma'adana: a tsohon tsari na MBR, wanda ya samo asali tun 1983, mabuɗin yana cikin bait 512 na farko, a sabon tsari na GPT yana cikin wani ɗan ɗaki na musamman da bai cika wuce megabait ɗari ko ɗari biyu da wani abu ba. Mabuɗin ya kira Windows, Windows ta kira ƙananan manhajojin da masu gyara ke ce wa direbobi, waɗanda ke magana da ma'adana da allo da sauti, sai a ƙarshe mutum ya ga inda zai sa kalmar sirri. Sarƙa ce, kuma babbar sabuntawa takan kwance ta ta sake ƙullawa, tana kashe na'urar tana kunnawa sau da dama. Wanda ya tsara wannan aiki ya ɗauka wuta ba za ta ɗauke ba, batiri zai riƙe, ɗaki yana da sanyi. A Sakkwato kuwa wutar tana tahowa ne tun daga Kainji ta Birnin Kebbi, ta zo lokacin da ta ga dama. Batirin tokumbo wani ko minti ashirin ba ya yi. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 alhali masu ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka galibi 35 suke sa wa iyaka. Ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fankar. Sabuntawa ita ce aiki mafi nauyi da tsohuwar na'ura za ta yi a shekara, kuma in ta mutu a tsakiyarsa sai a tarar da sarƙar a kwance, tsohuwar ba ta nan, sabuwar ba ta ƙullu ba. Garin neman gira an rasa ido, in ji masu magana, sai dai a nan idon bai tsiyaye ba, rufewa kawai ya yi.

Wannan shi ne ginshiƙin hujjata. A mafi yawan irin wannan matsala abin da ya karye ƙofa ce, kayan ɗaki suna nan. Kundin ɗalibi yana kwance a inda ya bar shi, kuma Windows da kanta takan tattara tsohuwar manhajar ta ajiye a wata jaka mai suna Windows.old, ta ba da kwana goma na komawa baya. Mai gyaran da ya san aikinsa yana farawa ne da tambayar inda sarƙar ta tsinke. In ko tambarin HP ko Dell bai fito ba, sai ƙara ko ƙyaftawar fitila, to maganar ba ta Windows ba ce. A duba caja, a cire ram a goge a mayar, domin fomatin ba zai taɓa wannan ciwo ba. In tambari ya fito aka ce ba a ga ma'adana ba, a shiga BIOS a ga ko tana nan, a duba agogo: in kwanan wata ya koma shekarun baya, ɗan batirin nan mai kamar kwabo ne ya mutu, saitin ya warware, kuma sauyawar saiti ɗaya na yadda ake magana da ma'adana ya isa ya jawo shuɗin allo. In Windows ta fara tashi ta tsaya, a katse ta sau biyu ko uku, za ta buɗe ɗakin gyaranta da kanta, inda ake iya cire sabuntawar ƙarshe, ko gyara mabuɗin tashi, ko shiga da direbobi kaɗan a kori wanda ya kawo rikici. Kafin duk wannan akwai aikin da bai kamata a tsallake ba: a tayar da na'urar daga filash mai ɗauke da wata manhajar, irin ta Linux, ko a ciro ma'adanar a sa ta a kesin a jona wa wata kwamfuta, a kwashe fayilolin mai kaya. Kundin digiri duk girmansa bai kai bidiyon waƙa ɗaya nauyi ba.

Mai gyara yana da amsa, kuma amsarsa ba ta banza ba ce. Zai ce fomatin aiki ne mai farashi sananne da lokaci sananne, bincike kuwa rami ne: kana iya cinye yini guda da man janareta, a ƙarshe ka dawo ga fomatin ɗin, mai kaya kuma ba zai biya ka kuɗin yinin ba, don a idonsa ba ka yi komai ba. Wannan gaskiya ce, kuma laifin yana wuyan masu kai gyara, waɗanda suka saba biyan kuɗin abin da aka sauya, ba su saba biyan kuɗin sani ba. Amma hujjar ta tsaya ne a kan bincike, ba ta kai ga ceton fayiloli ba. Kwashe kaya aiki ne mai iyaka, ana iya yanka masa farashi kamar yadda tela ke raba kuɗin ɗinki da na aiki, kuma da wuya a sami ɗalibin aji huɗu da zai ƙi biya in an gaya masa a fili abin da zai rasa. Matsalar ita ce sau da yawa ba a gaya masa. Kalmar fomatin ba Hausa ba ce, wanda bai san ta ba yakan ɗauka wani irin wanki ne, sai ya dawo ya tarar da allo fes, babu ko babi ɗaya. Akwai wata amsar da ta fi wannan nauyi, ita ce ta amana. Wani mai gyaran zai ce shi ba ya son buɗe jakar mutane, musamman ta ɗalibai mata, kada gobe hoto ya fita a ce shi ne. Wata ɗalibar ma ta gwammace a share komai da a ce namiji ya leƙa hotunanta. Tsoron yana da dalili. Maganinsa a yi kwafin a gaban mai kaya, a zuba a filash ɗinta, kada ko fayil ɗaya ya kwana a kwamfutar shago. "Malama, zauna nan ki gani, ki nuna mini jakar da kike so," ya wadatar. Faɗin wannan ba cin fuskar sana'a ba ne, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wasu kuma sukan ce tun da sabuntawa ce ke kawo ɓarna, a toshe ta kawai, kuma masu gyara da dama haka suke yi wa duk na'urar da ta bi ta hannunsu. Ba zan ce ba su da abin kafa hujja ba. A watan Oktoba na 2018 Microsoft ya janye wata babbar sabuntawa ta Windows 10 saboda ta share fayilolin wasu mutane. A Agusta 2024 wani facin tsaro ya hana wasu kwamfutoci masu Windows da Linux tare tashi ta ɓangaren Linux. A ranar 19 ga Yuli na shekarar, sabuntawar kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da na'urori kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. In manyan filayen jiragen sama sun ga shuɗin allo, ba ɗalibin Dundaye ne zai ji kunya ba. Amma a tuna da WannaCry, wadda a watan Mayu na 2017 ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, alhali facin da zai tare ta ya fito tun watan Maris. Waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su sabunta ba. Kwamfutar da ake shiga banki da ita, ake biyan kuɗin makaranta da ita, ba a barinta da ƙofa a buɗe. Abin da ya dace da ƙasar da wuta ba ta da alƙawari shi ne a zaɓi lokacin: Windows tana ba da damar ɗage sabuntawa na makonni, sai a bari sai an sami tsayayyiyar wuta ko sola, da safe kafin rana ta yi zafi, bayan an kwafe kaya, kuma ba a makon da za a miƙa kundi ba.

Hujja ta ƙarshe ita ce mafi sauƙin faɗa: laifin ɗalibi ne, me ya hana shi ajiye kwafi, ga Google yana ba kowa gigabait 15 kyauta, ga imel, ga filash? Haka ne, kuma abin kunya ne a ce a Sakkwato ake wannan sakaci. Rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u sun iso mu ne a kan takardar da ita ma baƙuwa ce, wadda da yawanta daga Italiya ta fito ta ratso Sahara, takardar da gara ke ci, damina ke jiƙawa, gobara ke lashewa. Abin da ya tsare su shi ne almajiri ba ya karanta littafi sai ya kwafe nasa, dukawa su ɗinka masa gafaka, kwafi ya tafi Gwandu, wani ya tafi Kano, wani Adamawa. Wanda ya shiga ɗakin tarihi na Waziri Junaidu zai ga amfanin wannan ɗabi'a da idonsa. Jikokin waɗannan mutane ne ke ajiye aikin shekara guda a cikin tsohuwar ma'adana ɗaya tilo. Duk da haka sakacin mai kaya ba ya halatta wa mai gyara komai. Wanda ya zo da kwafi a aljihunsa, a yi masa fomatin a sallame shi. Wanda bai da shi kuwa, shi ne ainihin wanda shara za ta kashe, kuma shi ne mafi yawa.

Lamarin ma ƙara tsanani yake yi. A tsohuwar ma'adana mai juyawa, in an yi kuskuren sharewa akan iya tono wani abu muddin ba a rubuta sabo a kansa ba. A sabuwar ma'adana ta SSD abin da aka share yakan tafi ke nan. Sababbin na'urori da yawa kuma suna zuwa da makullin BitLocker, wanda in sarƙar tashi ta sauya yakan nemi lamba mai alƙaluma 48 da ke ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar. In a shago aka saita ta da asusun wani yaro da ya bar aiki, to ko an ciro ma'adanar ba a iya karanta ta. Sannan ga Windows 11, wadda ta fito a Oktoba 2021 da sharaɗin guntun tsaro na TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama, wato kusan daga 2017, sharaɗin da tarin tokumbon da ke hannun ɗalibai ba su cika ba. Ana tsallake sharaɗin da dabara a shago, amma Microsoft bai ɗauki alƙawarin kula da irin wannan na'ura ba, kuma fitowar 2024 ta Windows 11 ba ta tashi sam a kan ƙwaƙwalwa irin ta Core 2 Duo. Tallafin Windows 10 na gama-gari ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama juji saboda haka. Kowa ya san inda jujin Turai ke sauka. Akwai ranar da fomatin shi ne daidai, kamar in cuta ta ci manhajar har ƙashi, akwai kuma ranar da ma'adanar ce ke mutuwa, a sauya ta a zuba sabuwar manhaja. A duka biyun kwashe kaya ne ke gaba. Don haka ɗalibin da zai bi hanyar Dundaye da kwamfuta a hammata, ya tafi da filash ɗinsa, kada ya bari kwana goman nan su wuce, kuma kafin ya saki na'urar ya ce, "Injiniya, ciro mini kundina tukuna, sannan mu yi maganar fomatin."